Numfashi Uku Kafin Hoto

Daga Kaka Babba zuwa ga jikar ƙanensa

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da zaman baƙunta. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da ta daina jin magana da idon dama da ya yi hazo. Hannuna garau yake, shi ya sa nake rubuto miki da kaina. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin gwangwanayen fim na koyi baƙaƙe. Su kuma baƙaƙen gwangwani ba su da lanƙwasa, don haka sai na gama wasiƙa nake komawa in bi su ɗaya bayan ɗaya ina rataya musu.

Takardunki sun iso, shafi goma sha tara. Kwana huɗu na yi ina karanta su da gilashin tsohon injina na haska fim. Kin ce kina rubuta kundi a kan cewa ba ido kaɗai ke kallon fim ba, har da fata da ciki da tafin ƙafa. To amarya, abin da kika ƙetare ruwa kina nema, ni shekara talatin da takwas na yi ina yin sa a ɗakin da bai fi taku huɗu ba.

Da na zo shafi na bakwai na ajiye gilashi, na fita tsakar gida na sha iska. A nan kika rubuta cewa kakanki shi ne mai injin silimar unguwarmu, shi ya ƙago dabarar fanka, kuma yana da wani yaya da ke taya shi ɗaukar gwangwani. Yayan nan mai ɗaukar gwangwani ni ne.

Bari in gaya miki yadda aka yi. Silimar tana da fanka goma sha biyu a rufi, makunnansu duka a ɗakina, jere a bango dama da inji. In hadari zai taso a fim, sai in sake su. In an jefa mutum a kurkuku, sai in kashe duka, in bar mutum ɗari uku suna jiƙewa da gumi suna tsaki, ba su san abin da ke damun su ba. Ranar da aka buɗe wa fursuna ƙofa sai in saki iska, ki ji ɗaki ya yi ajiyar zuciya baki ɗaya. Na taɓa leƙawa ta tagar inji na ga mahauci, ƙato, ya dafe hularsa da hannu biyu don jirgin ruwa na tangaɗi a allo. An sha ce mini ɗan iska a unguwar nan, amma ni kaɗai na ci sunan da sana'a.

Duk wannan lokacin kakanki yana bakin ƙofa a kan kujera mai ƙafa uku, yana yaga tikiti. Sau ɗaya ya taɓa hawa matakalar ɗakina, shi ma aron takalmi ya zo.

Kuma bakinsa ya kama shi a shafi na tara, inda ya ce miki da ya ga itatuwa sun fara kaɗawa a allo sai ya kunna. Duk wanda ya kunna a lokacin nan ya makara. Ba zan gaya miki dalili ba. Ki tambayi mai dabarar.

Kin ce babanki ya ba ki labarin littafina, kuma makarantarku tana son ta ajiye shi. Yana nan. Fim ɗari huɗu da wani abu, kowanne da shafinsa, da zanen inda iska ke shiga da inda take fita. Ki gaya wa makarantar taku ta kwantar da hankalinta. Littafin nan zan bata, shafi bayan shafi, da hannuna.

Ki gaida babanki, shi ba ruwansa.

*

Daga jika zuwa ga Kaka Babba

Angona da ban taɓa gani ba,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta fara jin magana. Ni ƙalau nake, sai mura da ta zauna mini a hanci mako biyu ba ta biyan haya. Rubutunka ya fi na malamina kyau, kada ka ji komai.

Na karanta wasiƙarka sau uku a tsaye a bakin akwatin wasiƙu. Labarin mahaucin nan kaɗai ya fi babi biyu na kundina. Sai kuma layin ƙarshe. Duk da ɓacin ran da ke cikin wasiƙar, ka ce za ka ba makaranta littafin, kuma da hannunka. Washegari na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a samo akwatin gilashi a ɗakin karatu, a rubuta sunanka a jiki.

Game da shafi na bakwai, na kira Kaka Ƙarami a waya na karanta masa abin da ka ce. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe Yaya na nan da rigimarsa. Ya ce tare kuka yi komai, tsufa ne ya sa kowa ke jan bargon zuwa gefensa. Da na tambaye shi zancen makara sai ya ce waya ba ta ji sosai.

Ga shawarar da na yanke. Zan bar shafin yadda yake, in ƙara ɗan bayani a ƙasa da ƙananan baƙaƙe cewa 'yan'uwan biyu sun saɓa a kan wanda ya fara. Haka ake yi a irin wannan rubutu, ba a ɗaukar ɓangare.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Duk kundin na gina shi a kan cewa ido ne ke fara gani, jiki ya biyo baya ya amsa, kamar yadda ake kiran mutum ya waiwayo. In ka ce wanda ya kunna tare da hoto ya makara, ka rushe mini gini. Don Allah ka fayyace.

Taka amarya, mai jiran sadaki.

*

Daga Kaka Babba

Gaisuwa. Ina lafiya. Mura ta sake ki.

Ɓata na ce. ƁATA. Ga lanƙwasar nan na yi mata babba yadda ko makaho zai shafa ya ji. Ido ne ya tsallake ta a waccan wasiƙa, ke kuma da digirinki kika karanta zagi kika ce kyauta ce. Ki gaya wa mai tabarau ya sa kifi a akwatin gilashinsa.

Ƙananan baƙaƙe. Shekara talatin da takwas, da yatsu biyu da fitilar inji ta ƙone har ba sa jin zafin kofin shayi, sai a sa ni a ƙasan shafi kamar takalmi a bakin ƙofa. Kuma wai tare muka yi.

Tunda ya ce tare, bari ki ji abin da muka yi tare. Akwai wata yarinya mai ɗinki da ke zuwa kallon la'asar, tana zama a layi na shida, ƙarƙashin fanka ta bakwai. Daga tagata bayanta kawai nake gani, da gefen mayafinta. Wata takwas ina yi wa mayafin nan aiki. Akwai fim ɗin wani matuƙin jirgin ruwa da matarsa ke jira a gaɓa. Duk lokacin da matar za ta hango jirgi, sai in kashe goma sha ɗaya in bar ta bakwai ita kaɗai. Ina ganin yarinyar nan ta kai hannu wuyanta. Ban taɓa yi mata magana ba, don sanda nake naɗe fim in sauko, ɗaki ya watse.

Wata rana da za ta fita ta tsaya a ƙofa ta tambayi mai tikiti wane ne ke aiko da iskar nan. Ya ce shi ne.

Kakarki ke nan, Allah ya jiƙanta. Ni na ɗauko kujerun ɗaurin auren a kaina, ban ce uffan ba, don uwarmu tana da rai kuma ta riƙe hannuna ta ce in bari. Na bari. Kakarki ta rasu tana zaton iskar mijinta ce. Wannan ba ya gyaruwa. Amma ba zan bari ya shiga da ƙaryar nan cikin kundinki ba, inda za ta zauna bayan duk mun tafi.

Ga sharaɗina. Ki tara babanki da mamanki da duk wanda ke gidan, ki kunna abin ɗaukar magana, ya faɗa da bakinsa cewa iska ta Yaya ce, shi tikiti yake yagawa. Ba a waya ba, inda zai ce ba ya ji. A gaban 'ya'yansa, yana kallon fuskokinsu. Ina son ya ji abin da na ji ina ɗauke da kujeru.

In ba haka ba, duk mako zan yaga shafi ɗaya. Da na matuƙin jirgi zan fara.

Ginin ki kuwa dama a karkace yake. Wane ne ya ce miki ido ke gaba? In kina tafiya a lungu wani ya biyo ki, ƙeyarki ce ke fara sani ko idonki? In kika kunna fanka tare da hoto, mutum zai ɗaga kai ya ce an kunna fanka. In fata ta riga ta ji, sannan ido ya ga itace na kaɗawa, sai mutum ya ce hadari ya taso. Tsakanin biyun nan akwai ɗan lokaci, kuma ɗan lokacin nan shi ne sana'ata. Tsawonsa yana cikin kaina, ko a littafin ban rubuta ba, kuma da shi za a binne ni.

*

Daga Kaka Babba

Gaisuwa, in har yanzu ana gaisawa.

Mako bakwai ba amsa. Na gane. Jini ya fi tawada kauri a wurinki, kin zaɓi kakanki. Kullum mai kawo wasiƙa ya wuce ta ƙofata sai ya girgiza mini kai tun daga nesa, yanzu har ya daina rage gudun keken.

Kina zaton tsoho barazana yake yi. Ga shaida a cikin ambulan. Shafi bakwai, kowanne na yaga shi gida biyu, tsaf, yadda kakanki ke yi wa tikiti, don ki ga ni ma na iya sana'arsa ba sai na koya ba. Rabi naki, rabi yana wurina, kuma ba ruwanki da abin da zan yi da shi.

Na farkon ya ba ni wahala, ba zan ɓoye ba. Akwai ɗigon man inji a kusurwarsa, na tuna ranar da ya ɗiga. Na biyu bai kai shi wahala ba. Yanzu ina yi ina shan shayi.

Ki gaya wa mai tikiti ya ci gaba da dariya.

*

Daga jika

Kaka,

Ina gaishe ka. Lafiyata ƙalau, ta gidanmu ce babu.

Jiya na dawo makaranta na tarar da wasiƙunka biyu a akwati, ɗaya a kan ɗaya. Ban zaɓi kowa ba. Kwana uku bayan na aiko maka waccan wasiƙa Kaka Ƙarami ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na bar komai na tafi. Baba ya so ya aiko maka, ya ce bai san ko za ka buɗe takardar ba.

Ba ya gane mu. Magana ta tafi, sai kalma ɗaya ko biyu a wuni. Yana kwance a ɗakin da ke kusa da kicin. Duk wanda ya shigo sai ya miƙa masa hannun hagu, in an ba shi hannu sai ya ture, ya kama gefen zanen gado da yatsa biyu ya ja shi ƙasa, sannan ya yi wa mutum nuni da haɓa ya wuce. Mama ta ce ciwo ne ke sa shi fisge-fisge. Ni ma haka na zata, sai jiya da na ga shafukanka a yage.

A mako na uku likita ya ce a riƙa nuna masa abin da ya saba da shi. Na aro ƙaramin majigi, na sauke labule da rana, na haska masa wani tsohon fim a bango, mai hadari a ciki. Na ajiye fankar tsaye a bayan gadonsa. Baba da Mama suna zaune, ƙanwar Baba tana tsaye a ƙofa da kwano a hannu. Na jingina wayata a kan kabad tana ɗauka, don ina son in ga fuskarsa daga baya. Ban ga wasiƙarka ba a lokacin, ban san da wani sharaɗi ba.

Da itatuwa suka fara kaɗawa na kunna, yadda ya koya mini.

Bai kalli fankar ba. Ya bar allon, ya murɗa wuyansa da ƙyar, baya, sama, can kusurwar bango inda babu komai sai agogo. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, sarai, yadda bai yi magana ba tun da ya faɗi:

"Yaya, ka makara."

Baba ya tashi ya fita. Ƙanwarsa ta tambayi wane Yaya, Mama ta ce mata ta yi shiru.

To ka samu, Kaka. A gaban 'ya'yansa, da abin ɗaukar magana a kunne. Sai dai bai ga fuskokinsu ba, don bai san su ba. Na gyara shafi na bakwai da manyan baƙaƙe, na rushe babi biyu zan sake ginawa. Ban yi don sharaɗinka ba, don gaskiya ce.

Abin da ban gaya maka ba shi ne tun ranar, kullum da rana sai ya nuna bango. In an haska masa yana natsuwa har hadari ya matso, sai ka ga ya ɗaga kafaɗa yana jira. Na gwada kunnawa da wuri, ya yi tsaki. Na gwada daf da hoto, ya waiwaya yana neman ka. Sau biyu ya yi kuka, ranar kuma ba ya cin abinci. Yanzu Baba ne ke riƙe da makunnin, shi ma bai dace ba ko sau ɗaya. Ƙarshen wata zan koma gida.

Ban roƙe ka littafi ba. Ka ɓata shi, da lanƙwasa. Labarin kakata kuwa, da ka bar ni ban sani ba.

*

Daga Kaka Babba

Gaisuwa gare ki da babanki. Gwiwa tana nan yadda take. Allah ya sawwaƙe wa mai ciwo, wannan addu'a ce da ake yi wa kowa, kada ki ɗauke ta wani abu.

Na karanta. Na sake karantawa. Na sa maƙwabcina mai gyaran agogo ya karanta mini da ƙarfi, don in ji yadda take a kunne. Shekara hamsin da ɗaya nake jiran maganar nan, kuma da ta tashi zuwa sai ta zo da ƙarya a goye.

Ban taɓa makara ba. Ko sau ɗaya. Ko ranar da fitila ta ƙone mini yatsu, da gwiwar hannu na kunna, kuma a kan lokaci. Mutumin nan ya ƙwace mini iska, yanzu kuma yana kwance a gaban iyalinsa yana ɗora mini sakacin wasu. Ba zan yarda ya tafi da wannan a bakinsa ba.

Don haka ki buɗe kunne, sau ɗaya zan faɗa. Numfashi uku ne kafin hoto. Ba naki ba, nasa. Ki daina kallon bango, ki san fim ɗin har ki haddace, ki sa ido a ƙirjinsa. In hadari ya rage numfashi uku, ki kunna. Na farko fanka ce ke tashi, na biyu iska ce ke tafiya, na uku fata ce ke gaya wa mutum abin da ido bai gani ba tukuna. Mai ciwo numfashinsa gajere ne, ki bi shi yadda yake, kada ki ƙirga da agogo.

Ki ɗora fankar a kan tebur, ta fi kansa tsawo, ta bayan kafaɗar da ke ji. Kada ta fuskance shi, ta shafi ƙeyarsa ta wuce. Ki ɗiga mata mai, in ta yi ƙara kin ɓata aiki. Kuma ki yayyanka masa 'yan takardu ki ajiye a bakin ƙofa, duk mai shiga ya miƙa masa ɗaya. Mutum ba ya yaga zanen gado yana da tikiti. A wannan ɗin dai ba na jayayya da shi, ya iya.

Rabin shafukan suna cikin ambulan. Ki liƙa su ta baya, baki da baki, kada su hau juna. Na takwas ban yaga ba, almakashi nake nema ban gani ba. Littafin zai biyo baya a hannun direban da ke zuwa garinku. Gidan babanki za shi, ba akwatin gilashi ba, har ranar da mai tikiti ya gama da shi. Bayan nan makaranta ta zo mu yi magana. Zan ba ta ko zan ɓata, ban sa lanƙwasa ba tukuna.

Zancen kakarki, gaskiyarki. Na faɗa don ya yi zafi, kuma ba ke na nufa ba.

Kada kowa ya ce masa na yafe, don ban yafe ba. Kada a ce masa daga wurina aka samo. In iskar ta zo daidai zai sani, ƙeyarsa za ta gaya masa.

In kuma ya sake waiwayowa ya kalli kusurwar nan, ki yi shiru, kada ki amsa. Mai inji ba ya magana da 'yan kallo.